Jan Ƙasa a Jikin Motar Baba

Baba direba ne tun kafin a haife ni. Ya ja motar kasuwa tsakanin Gummi da Anka, ya ja ta ɗaukar hatsi, amma in ya ce "motata", kowa a gidanmu ya san wadda yake nufi. Wata farar jif ce mai ja da ƙafa huɗu, ta masu aikin kwashe ƙasa, waɗanda suka zo a shekarun da gubar dalma ta riƙa kashe yara a garuruwan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Sun ɗauke shi aiki ne saboda ya san hanya. Daga Anka yake tashi da su, yau Abare, gobe Sunke, wani lokaci ya dawo da mata da yaransu marasa lafiya a bayan motar. Ni a lokacin ina makarantar kwana. Abin da nake gani in na zo hutu shi ne, yakan iso gida ranar Juma'a jajawur da ƙura har gashin ido, ya tuɓe kayan aikinsa a zaure, ya hana kowa taɓawa sai ya wanke su da kansa.

Da aikin ya ƙare, ɗaya daga cikin baƙin, wani dogon mutum mai auna ƙasa da na'ura wanda ya fi kowa zama kusa da Baba a gaban mota, ya ba shi wani kwali na sallama. A jikin kwalin akwai hoton mota irin tasu sak. Baba ya buɗe a gida yana zaton zai ga mota, sai ya tarar da tarkacen roba, ƙananan abubuwa birjik a maƙale jikin wasu sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe. Ya juya, ya sake juyawa, ya ce mutumin kirki ne amma ya manta da direba ya yi aiki, ba da makaniki ba. Inna ta ƙulle kwalin a leda ta ɗora saman kabad, can bayan kwanukan da ba a sauke su sai da biki. Muka manta da shi shekara da shekaru.

Ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Bukkuyum aka bugo mini waya cewa Baba ya faɗi a masallaci bayan azahar. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin dama. Allah ya taimaka, bayan ya kwanta asibiti ƙafar ta dawo, yana ɗan ja da ita. Hannun ne ya dunƙule, harshe kuma ya yi nauyi. Likitan da ke yi masa gashi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya kuma ce a zuba masa wake a faifai ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana sawa a kwano. Baba ya dubi waken, ya dubi Inna, ya ce, "Ni yaro na?" Daga nan ya juya wa faifan baya. Mutumin da in ya zauna a majalisa ba mai samun bakin magana, sai ga shi yana wuni a ƙarƙashin rumfar tsakar gida bai ce uffan ba, don ba ya son a ji yadda kalma ke fita daga bakinsa.

Da aka ba da hutun ƙarshen shekara, tsakiyar damina, maigidana ya ce in je in yi shi duka a gida. A kwana na uku Inna ta sa ni in sauko mata da wani babban kwano, hannuna ya taɓo leda.

"Mi kike biɗa nan kuma?" in ji ta.

Na nuna mata. Ta yi dariya ta ce, "Af, motar babanki ta. Ɗauki, ke da ba ki da aikin yi."

Gaskiya ba da wata dabara na ɗauko ba. Zaman shirun gidan ne ya ishe ni, ni kuma tun ina ƙarama ina son aikin hannu. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, ɗan nesa da kujerar Baba, na zazzage kayan a tire. Takardar da ke ciki da wani irin rubutu aka yi ta wanda ban taɓa koyo ba, amma akwai zane da lambobi, kowane abu da lambarsa. A gefen kwalin an nuna cewa sai an jera irinta ashirin da huɗu kafin su kai tsawon ta gaske. Gam ɗin da aka haɗo da shi ya bushe ƙam kamar ƙashi, sai na aika aka sayo mini irin wanda ake liƙe takalmi da bokiti da shi, mai kama yatsa nan take. Sauran kayan aikina reza ce, da abin yanke farce, da matsefatar da Inna ke cire ƙaya da ita.

Kwana biyu ina yanka ina kankarewa ina liƙawa, Baba yana kallon katanga. A rana ta uku na zo kan wasu lanƙwasassun abubuwa guda huɗu da ake sawa a ƙarƙashi. Na ɗiga gam ke nan zan manna, sai na ji murya a bayana.

"Juya."

Na waiwaya. Idonsa na kan hannuna.

"Juya ta, uwata. Sifirin ta. Kin kihe ta."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma tun da ya faɗi ban ji ya kira ni haka ba. Na sunkuyar da kai na juya abin, na yi kamar ban ji komai a raina ba. Na ce, "Haka, Baba?" Ya ce, "Yawwa."

Washegari da hantsi ya riga ni zama, ya kuma jawo kujerarsa kusa da tabarmar. Tun daga ranar duk abin da na yanko sai na ɗaga masa. Ya ce wannan lagireto ne, wannan salansa, wannan ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba. Wata kalmar sai ya maimaita sau uku kafin ta fita daidai, amma da yake sunan kayan mota ne, ba ya yarda ya bar ta a karkace. Da muka zo ƙaramar giyar da ke kusa da babbar, wadda ba ta kai tsinken sakace kauri ba, ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa na hagu. Ya ce da ita ake shiga laka, kuma duk direban da ya jira sai ya kafe kafin ya sa ta, bai san aikinsa ba.

Akwai wuraren da hannu biyu ba sa isa. Sai an riƙe gangar jikin, an danne ƙasan, wani kuma ya ɗiga gam. Na ce, "Baba, riƙe mini nan." Ya riƙe da hagu. Ɗaya gefen ya buɗe. Na yi ta kici-kici, ban roƙe shi ba. Can sai na ga ya saki, ya kamo hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi a kan rufin motar, ya danne da nauyinsa. Inna tana bakin murhu tana kallo. Muka haɗa ido, ta yi maza ta koma hura wuta.

Ba a rasa ɓarna ba. Wata rana na tashi sallar la'asar na bar tiren a buɗe, kazar Inna ta zo ta caccaki madubin gefe ɗaya ta haɗiye. Na bi ta da tsintsiya har bayan rumbu, amma aikin gama ya gama. Inna ce ta yanko ɗan azurfar takardar ƙwayoyin hawan jinin Baba, muka liƙa a kan wani guntun roba da silin waya, ya fi na ainihin ƙyalli. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta gilashin gaba. Na sa masa gam ɗin nan mai ƙarfi, kafin wani lokaci ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Har na fara hawaye, don babu wani a kwalin. Baba ya karɓa ya duba, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi da ɓari ɗaya na bakinsa, har da tari.

"Gilashina bai taɓa haske ba," in ji shi. "Inda waifa ka bi kaɗai nika gani."

Maganarsa ce ta ba ni dabara. Na naɗa auduga a tsinken ashana, na lakato man goge baki, na yi ta murzawa a hankali har na fitar da rabin da'ira biyu masu haske, daidai inda waifa za ta share. Sauran na bar shi da hazonsa.

Mako uku muka yi kafin ta tsaya da tayoyinta, da kariyar ɗora kaya a sama, da safayar taya a baya, da jarkoki biyu da shebur. Na shafa wa ƙarƙashinta da tayoyin baƙin fenti, jikin kuwa dama farar roba ce, tana ta sheƙi. Na ɗora ta a kan faifai na kai masa ina jiran yabo. Ya duba gaba, ya duba baya, ya taɓe baki.

"Wagga ba motata ba ta. Wagga motar kai amarya ta."

Na ce, "To me ya rage, Baba?"

"Dauɗa."

Sai a lokacin na lura da ƙananan hotunan da ke gefen kwalin. Wadda aka nuna a can ba fara sol ba ce, an yi mata ƙura da tsatsa da gangan, har ka rantse ta gaske ce aka ɗauka daga nesa. Ashe haɗawar rabin aikin ce. Na yi murna a raina, don hutu da saura, kuma ina tsoron ranar da za mu gama ya koma kallon katanga.

Cikin zumuɗi na ce akwai wata mai kawo daddawa kasuwa daga wajen Anka, zan sa ta ɗebo mana ƙasar Sunke ko ta Abare, don ƙurar ta zama ta ainihi.

"A'a!"

Tun da ya kwanta ciwo ban ji kalma ta fita daga bakinsa da ƙarfi haka ba. Inna ta fito daga ɗaki da sauri. Na ce, "Baba, ai an kwashe mai gubar tun tuni." Ya ce ya sani, da shi aka kwashe, amma ƙasar can ba za ta shiga gidansa ba ko da cikin cokali. Sannan a hankali, yana tsayawa yana nemo kalma, ya ba mu labarin da ko Inna ba ta taɓa ji ba. Wata rana ya ɗauko wata mata da ɗanta daga ɗaya daga cikin garuruwan, yaron yana ta fizge-fizge yana kuka. Sun yi kamar rabin hanya kukan ya ɗauke. Ya duba madubi ya ga matar ta ja mayafi ta rufe fuskar yaron. Shi kuwa bai rage gudu ba har ƙofar asibitin Anka, don bai san abin da zai yi ba in ya tsaya.

"Da yawa sun kai da rai," in ji shi. "Da yawa. Alhamdu lillahi. Amma wanga ɗaya nika tunawa."

Ranar ba mu taɓa motar ba.

Jar ƙasar daga ramin birji na bayan gari aka ɗebo mana, baƙar laka kuma daga fadama. Na shanya su, na daka a ƙaramin turmin yaji, na tankaɗe da rariya sau biyu, sannan na tace da tsohon ɗankwali har ta yi laushi kamar hoda. Matsalar ita ce ba ta zama a jikin roba, da an hura sai ta tashi. Inna ta ce in jiƙa ƙaro, irin wanda ake sawa a tawadar allo. Ruwan ƙaron na riƙa shafawa sama-sama, in barbaɗa hodar, in ta bushe in share da busasshen buroshi daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke wanke mota ya bar mata zane. Na farko ya yi yawa, ta koma kamar an tono ta daga kabari, sai da na wanke na sake. Baba ne mai cewa ƙara nan, rage can. Ya ce ƙura ta fi taruwa a ƙofar baya, don iska ce ke murɗo ta, da kuma cikin lungun madigadin da ke saman tayoyi da ƙarƙashin kariya.

Tsatsa kuwa ta gaske muka sa. Inna ta ɗauko wata tsohuwar hauya da ta rube a gindin rumbu, na kankaro jan garin da reza, na ɗiga shi da bakin tsinke a kan ƙusoshin bamba da bakin shebur. Baƙin gindin tukunya ya zama hayaƙin salansa. Na goga bakin fensir a kan mariƙin ƙofa da matakin hawa, suka yi ƙyallin ƙarfen da hannu da takalmi suka cinye. Baba ya sa na ɗumama gindin cokali a garwashi na danna a ƙofar baya, ta loma kaɗan, inda ya ce ya taɓa yin baya ya daki kututturen giginya.

Saura fantsamar laka. Na gwada da buroshi, sai ta fito kamar an shafa kunu. Na tuna yadda nake sa ɗalibaina su yi zanen ganye, su tsoma tsohon buroshin haƙori a kala su ja gashinsa da babban yatsa, kalar ta fantsama. Na gwada a jikin kwali, ya yi daidai. Na juyo kan motar na fara.

"Ba haka ba," in ji Baba. "Laka daga taya taka tashi. Ta yi baya, ta yi sama."

Na sake gwadawa, ya ce ban samu ba. Na uku ma haka. Ya ce, "Kawo." Ya karɓa da hagu, ya ga ba zai iya riƙewa ya kuma ja gashin da hannu ɗaya ba. Sai ya ɗago na daman, ya kai babban yatsan bakin buroshin. Yatsan yana rawa. Ya ja, ba abin da ya fita. Ya sake ja, laka ta fantsamo mini a goshi. Ba wanda ya yi dariya. A karo na biyar ko na shida ta tashi daga bayan tayar gaba ta bazu a jikin ƙofa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, yadda ya faɗa. Gumi ya jiƙa masa riga. Kwana huɗu ya yi yana wannan aikin, taya ɗaya kowace rana, bai bari na taimaka ba.

Ana saura kwana biyu in koma Bukkuyum muka ji sallama a zaure. Wani dattijon Bafillace ne, abokin Baba, wanda muke kira Baffa. A da rugarsu tana kan hanyar Nasarawa Burkullu, amma rashin kwanciyar hankalin daji ya sa sun matso kusa da gari. Sai a makon ya ji labarin ciwon, ya hau mashin ɗin haya ya taho da man shanu a 'yar roba. Baba da ya hana kowa shigowa duba shi in ba dole ba, ya ce a shigo da shi rumfa. Suka gaisa da Fillanci, suka koma Hausa. Idon Baffa ya faɗa kan faifan da motar take.

"La ilaha illallahu! Wagga ai ita ta! Wa ya maishe ta ƙarama?"

Ya ɗauka da hannu biyu kamar ƙwai, ya leƙa ciki, ya shinshina. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗiyata, babanki ya gaya miki yadda munka san juna?" Na ce a'a. Ya ce wata damina ce motar ta kafe a wani rafi kusa da rugarsu, laka har ƙofa, baƙi na tsaye suna ta buga waya ba sabis. Shi ne ya kwanto shanun nomansa, aka ɗaura igiya a bamba, suka fizgo ta.

"Bijimi huɗu," in ji Baffa.

"Biyu," in ji Baba. "Injin ya yi sauran."

"Injin da ya mutu? Huɗu, Malam, ji tsoron Allah!"

Suka yi ta musu. Ina zaune ina jin Baba yana jero magana doguwa, tana karkacewa yana bin ta a haka, ko a jikinsa. Inna ta kawo fura ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa komawa.

Da musun ya ƙi ƙarewa, Baffa ya hango sauran baƙar lakar fadama a kwano. Ya nannaɗe hannun riga, ya yayyafa mata ruwa, ya fara murzawa. Ya ce rabonsa da ginin shanun laka tun yana biye da maruƙa, amma hannu bai manta ba. Kafin la'asar ya gina bijimai huɗu, kowanne da tozo da ƙaho na ƙayar aduwa. Ya karɓi zaren ɗinkin Inna ya ɗaura su biyu-biyu, ya kai bakin zaren ya ƙulla a bambar motar. Baba ya miƙa hannun dama, a hankali, ya kama biyu na gaba ya janye su gefe. Baffa ya mayar da su. Haka suka yi ta yi har aka kira salla, suka tashi tare, Baffa yana riƙe da gwiwar hannunsa.

Baba bai sake tuƙi ba, kuma har yau in ya gaji maganarsa takan yi nauyi. Amma da dama yake cin tuwonsa, da ita yake jan carbi, ya kuma koma majalisarsu ta ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya ba ni wannan hutun tare da shi. Baƙon nan mai auna ƙasa ban san ƙasarsu ba, ban san ko yana raye ba, amma ina yi masa fatan alheri duk inda yake.

Ranar da zan tafi na durƙusa ina yi wa Baba sallama, ya ce in tsaya. Ya ce in na je Bukkuyum in tambayi malaman makarantarmu masu sayayya ta waya, ko ana samun irin wannan kwalin na babbar motar ɗaukar hatsi, mai bodin katako. Na ce zan tambaya. Ya ce in an samu kada in buɗe a can, in kawo shi gida yadda yake.